Haɗa Taki da Ƙwayoyin Halitta Masu Amfani a Noman Auduga a Yankin Malbaza

Wannan hanya ce ta ciyar da ƙasa da abu uku tare: takin gargajiya, takin zamani, da ƙananan halittun da ido ba ya gani masu zama a saiwar shuka. A Malbaza, Birnin Konni da Illela, cikin jihar Tawa, an daɗe da sanin auduga, wadda mutanen yankin ke kira kaɗa. An fi noma ta a kwarin Maggiya da filayen ban-ruwa na Konni, waɗanda hukumar ONAHA, da aka kafa a 1978, ke kula da su.

Kashin dabbobi da ruɓaɓɓen kara suna sa ƙasa ta riƙe laima, amma abincinsu a hankali yake fita. NPK da yuriya kuwa suna aiki da wuri, sai dai tsada, kuma ruwa kan wanke su a ƙasa mai rairayi.

Kashi na uku shi aka fi mantawa, alhali muhimmi ne. Wani nau'in naman gwari, mikoriza, yana shiga saiwar auduga ya miƙa zaruruwa cikin ƙasa, ya jawo mata fosforas da ruwa. Wasu bakteriya kuma suna narkar da fosfat, abin da ke da daraja a nan, domin jihar Tawa tana da dutsen fosfat nata wanda ba ya narkewa da sauƙi. Auduga ba ta tara naitirojin kamar wake ko gyaɗa, shi ya sa ake juya shuka tsakaninsu.