Linux a kan tsohuwar kwamfuta: abin da ya kamata a sani kafin a saka shi

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a Janairun 2020. Windows 11 kuwa tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda yawancin tsofaffin kwamfutoci ba su da shi. Kwamfutar da ke ofishin magajin gari ko shagon buga takardu a Icirnawa ko Matamaye za ta ci gaba da tashi, amma duk ɓarakar da aka gano a cikinta daga baya, ba mai toshe ta.

Mafita ɗaya ita ce Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, bisa tsarin Unix na 1969. Kyauta ce, kuma lasisinta ya halatta a kwafa a ba wani. Mutum ɗaya zai iya saukar da ita a Damagaram, inda intanet ya fi ƙarfi, ya saka wa kwamfuta goma.

Zaɓen nau'in da ya dace shi ne rabin aikin. Kwamfuta mai RAM giga 4 tana ɗaukar Linux Mint Xfce ko Lubuntu ba wahala. Akwai kuma Emmabuntüs, wadda masu aikin sa-kai a Faransa suka fitar a 2011 domin farfaɗo da kwamfutocin da ake ba ƙungiyar Emmaüs. Tana zuwa da Faransanci da manhajoji da yawa a ciki, abin da ke rage sayen megas. Tsohuwa tukuf mai 32-bit sai a nema mata antiX ko Debian 12, domin Debian 13 ta 2025 ta daina fitar da faifan sakawa na irin waɗannan injuna.

Kafin komai a kwashe takardu da hotuna zuwa wani wuri. Sakawa na iya goge faifan baki ɗaya, kuma a nan ne aka fi yin kuka. Daga nan a rubuta fayil ɗin ISO a kan kile mai giga 8 da Rufus ko Ventoy, a soka ta, a kunna injin ana danna F12 a Dell ko F9 a HP. Linux za ta tashi daga kilen ba tare da ta taɓa faifan ba. A yi amfani da wannan dama a gwada sauti da Wi-Fi da firinta. Firintocin HP galibi suna aiki nan take, wasu tsofaffin Canon LBP kuwa sai an sha fama.

Kwamfutar tebur ba ta da batir, saboda haka kada a fara sakawa sai an tabbatar da wuta. Idan ta ɗauke a tsakiya, sai a sake daga farko. A buɗe akwatin a hure ƙurar hunturu daga fanka. Idan agogo yana komawa baya duk lokacin da aka kashe, a canza ƙaramin batir CR2032 da ke ciki, domin kwanan wata marar daidai yana hana shafuka buɗewa.

Wajen zaɓen madannai a duba da kyau: injin da ya fito daga Faransa AZERTY ne, wanda aka sayo a Kano kuwa galibi QWERTY. Akwai ma tsarin madannai na Hausa mai ɓ, ɗ da ƙ. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, sai dai wani lokaci jerin shafi kan ɗan goce, don haka takardar hukuma gara a aika ta a matsayin PDF.