Daga Allon Kwanan Wata zuwa Sauraron Numfashi

A watan Nuwamba na 1901 aka kwantar da Auguste Deter, mai shekara 51, a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt a Jamus. Bayan rasuwarta a 1906, likitanta Alois Alzheimer ya binciki ƙwaƙwalwarta, ya bayyana wa 'yan'uwansa likitoci abin da ya gani. Cutar mantuwa ta sami suna. Yadda za a zauna da mai ita kuwa, sai da aka shafe fiye da rabin ƙarni kafin a ɗauke shi da muhimmanci.

Yunƙurin da ya fara yaɗuwa ya fito ne daga asibitocin tsofaffin sojojin Amurka a shekarun 1960. Akan kafa allo mai ɗauke da rana da wata da sunan wurin, ma'aikata kuma su riƙa gyara wa majinyaci duk kuskuren da ya yi. Niyyar mai kyau ce. Amma idan tsohuwa ta tambayi mijinta da ya daɗe da rasuwa aka faɗa mata gaskiya, sabon makoki take shiga, gobe ma haka.

Naomi Feil, jami'ar jin daɗin jama'a da ta tashi a gidan kula da tsofaffi a Cleveland inda iyayenta ke aiki, ta ƙi wannan hanya. A littafinta na 1982 ta nemi a bar musu da majinyaci, a amsa damuwar da ke bayan maganarsa: mai neman mijinta kewa ce ke damunta, sai a tambaye ta labarinsa. A Ingila, Tom Kitwood na Jami'ar Bradford ya ƙara gaba a 1997, yana mai cewa wani ɓangare na taɓarɓarewar majinyaci daga mu'amalar mutane yake zuwa, kamar yin magana a kansa yana zaune tamkar ba ya nan.

A kan wannan tushe atisayen tattara hankali ya shigo. Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, daga tsarin zuzzurfan tunani na mabiya Buddha, bayan ya ware shi daga ibada. Mako takwas ake yi ana koyon lura da numfashi da gaɓoɓin jiki, har da cin ƙwayar zabibi ɗaya a tsanake. Ya dace da mai mantuwa ta fuska guda, domin ba ya tambayar abin da ya faru jiya.

Sai dai tsarin asali yana buƙatar atisayen minti 45 kullum a gida, wanda kuma ke manta ko ya karya kumallo da wuya ya tuna da wannan. Shi ya sa masu bincike, ciki har da na Jami'ar Northwestern, suka sauƙaƙa darussan, suka haɗa majinyaci da mai jinyarsa a aji ɗaya. An ba da rahoton raguwar ƙuncin rai, amma yawancin binciken ƙanana ne, kuma a kan waɗanda cutar ba ta yi nisa a jikinsu ba. Babu hujjar cewa atisayen yana tsayar da lalacewar ƙwaƙwalwa. Shaidar ta fi ƙarfi a wajen masu jinya, galibi mata da 'ya'ya, waɗanda ke amsa tambaya ɗaya sau da yawa a wuni.