Kawar da Agana: Lamba Ce Ta Yi Aikin ko Tsari?

Agana, wadda wasu ke kira 'yar rani, cuta ce da ba a samo maganin warkar da ita ba har ta bar duniya. Cikin mutum goma da mai tsananinta ta kwantar, kimanin uku ba sa tashi. Waɗanda suka tashi kuwa ta bar musu zanzana a fuska, wasu ta tafi da idanunsu. Shi ya sa tarihinta ke fito da bambancin da ke tsakanin jinyar mutum ɗaya da tsare lafiyar jama'a.

Tun kafin likitocin Turai su sa hannu, mutanen Indiya da Turkiyya da sassan Afirka suna da dabararsu. Akan ɗebi ruwan ƙurjin mai ciwo, a tsaga fatar mai lafiya a shafa, ya ɗan kwanta ya tashi, cutar ba ta sake kama shi. Sai dai wasu kan mutu, wanda aka yi wa kuma yana iya harbin na kusa da shi. A 1796 Edward Jenner, wani likita a Ingila, ya nuna cewa ƙurjin da ke fito wa shanu yana ba da wannan kariya ba tare da wancan haɗari ba. A 1853 Ingila ta wajabta yi wa jarirai lamba.

Duk da haka, a 1967, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa yaƙi da cutar, mutum miliyan 10 zuwa 15 take kamawa a shekara. Lamba ta yi shekara 170 a hannu, amma agana tana nan daram. Dalili na farko shi ne zafi: ruwan lamba kan lalace kafin ya isa ƙauye, sai a shekarun 1950 aka ƙware wajen busar da shi ya jure hanya. Na biyu ya fi nauyi, wato zaton cewa sai an yi wa kowa da kowa.

A Nijeriya aka warware wannan zato. A Disambar 1966 cutar ta ɓarke a yankin Ogoja, ruwan lambar da ke hannun likita William Foege kuma bai isa kowa ba. Sai ya yi magana da 'yan mishan ta rediyo, su kuma suka aika mutane ƙauye-ƙauye su gano inda mai ciwo yake. Aka yi wa mutanen gidansa da maƙwabtansa lamba, aka bi kasuwannin da suke ci da garuruwan danginsu. Annobar ta mutu alhali akasarin jama'a ba a taɓa su ba. Abin da ya kashe ta labari ne da ya iso da wuri, da mutanen gari da suka yarda su ba da shi. Wannan ne ɓangaren da bai kamata a manta ba idan ana yabon allura.

Daga baya aka ɗauki dabarar zuwa Indiya da sauran wurare. A Afirka ta Yamma an ga mai agana na ƙarshe a 1970, a Nijeriya, kuma har yau akwai dattawa a ƙasar Hausa masu tabon lambar wancan zamani a damtse. Mutum na ƙarshe da ta kama ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin Marka ta Somaliya, a Oktoban 1977, kuma ya warke. Ranar 8 ga Mayun 1980 aka shelanta ƙarshenta. Har yanzu ita kaɗai ce cutar ɗan Adam da aka kawar daga doron ƙasa baki ɗaya.