Waƙar Kwaikwayo ta Ɗan Maraya Jos

Waƙar kwaikwayo ita ce wadda mawaƙi ke shigar da mutane daban-daban a cikinta, yana ara wa kowannensu murya da irin lafazinsa, har mai sauraro ya ji tamkar wasa ake yi a gabansa, kuma a ƙasar Hausa Alhaji Adamu Wayya, wato Ɗan Maraya Jos, ya shahara da wannan salo. An haife shi a 1946 a Bukuru, garin da haƙar kuza da zuwan jirgin ƙasa suka tara wa leburori da 'yan kasuwa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno. Mahaifinsa makaɗin fadar Sarkin Bukuru ne, kuma da iyayensa biyu suka rasu yana jariri sai sarkin ya riƙe shi, daga nan ne laƙabinsa ya samo asali.

Tushensa ke nan a kiɗan fada, inda uban kiɗa ke jan baiti, 'yan amshi na karɓa, ana kaɗa kotso ko taushi kamar yadda Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina suka yi. Sai dai shi bai ɗauki ƙungiya ba, ya zaɓi kuntigi, wanda ya gani a wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri: ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, wanda ake rufe gwangwanin kifi da fatar akuya a yi ƙoƙonsa. Rashin 'yan amshi ne ya sa dukkan aikin ya koma kan maƙogwaro guda, kuntigin kuma ya riƙa cike gurbin amshi a duk inda mawaƙin ya tsaya shan numfashi. Dabarun yabo na fada kuwa bai yar da su ba, juya su ya yi ga talakawa, domin waƙar da ta fara fito da shi, “Karen Mota”, yabon yaran direbobi ce, masu lodin fasinja da canza taya, waɗanda ba a saba jin an wasa su ba.

A waƙoƙinsa na zaman aure ne kwaikwayon ya cika. “Jawabin Aure” ta bi ɓarnar da saki ke jawowa, “Auren Dole” ta soki iyayen da ke aurar da 'ya ba da sonta ba, amma “Gulma Wuya” ce ta fi nuna gwanintarsa, domin a cikinta magulmaciya ta haɗa baki da boka suna raba mata da mazajensu, shi kuwa mawaƙin yana sauya murya daga wannan zuwa wancan ba tare da kiɗan ya karye ba. Wanda ya san waƙar yakan kasa kunne ga gaɓar da murya ke juyawa, da yadda maganar gida ta yau da kullum ke hawa kan kari ba tare da an tilasta ta ba, wanda shi ne abu mafi wuya a wannan fanni.

Masu nazarin kiɗan Indiya za su ga kama da abin da ya faru a jihar Maharashtra, inda tun daga wasan “Shakuntal” na Annasaheb Kirloskar a 1880 aka sauko da kiɗan raga, wato tsararrun karin sautin gargajiya, zuwa dandamalin wasa, har ɗan wasa Bal Gandharva, wanda ya rasu a 1967, ya shahara da fitowa a matsayin mace. Can akwai labule da kayan ado da tawagar 'yan wasa, a Jos kuwa mutum ɗaya ne da kuntiginsa.

Ɗan Maraya ya yi wa sojojin tarayya waƙa a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, rediyo da faifai da kaset suka kai muryarsa Nijar da Gana da Kamaru, gwamnatin Najeriya kuma ta ba shi lambobin girma. Graham Furniss ya tattauna waƙoƙinsa a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.