Dutsen Tokare Ƙofa: Tarihin Fosfat na Nauru da Banaba

A cikin shekarar 1896 wani ma'aikacin jirgin ruwa, Henry Denson, ya tsinci wani dutse a tsibirin Nauru da ke Tekun Fasifik. Ya zaci icce ne da ya daskare, sai ya kai shi ofishin kamfaninsu a Sidni ta Ostiraliya, inda aka riƙa tokare ƙofa da shi. A 1899 wani ma'aikacin kamfanin, Albert Ellis, wanda ya daɗe yana aikin haƙar kashin tsuntsaye, ya ƙi yarda da wannan zato. Ya fasa ɓarin dutsen ya auna shi, sai ya tarar fosfat ne mai kyan gaske, watau ma'adinin da ake yin takin zamani da shi.

Abin lura shi ne, tun daga ranar nan ɓangare ɗaya kaɗai ya san darajar dutsen. Nauru tana hannun Jamus tun 1888, saboda haka Ellis ya fara nufar maƙwabciyarta Banaba, domin ƙirar ƙasarsu ɗaya ce. A watan Mayu na 1900 ya ƙulla yarjejeniya da wani da ya ɗauka sarki ne, alhali a al'adar Banaba babu wani sarki mai ikon bayar da ƙasar jama'a. Sharaɗin kuwa shi ne kamfani ya haƙi fosfat har shekara 999, ya riƙa biyan fam 50 a shekara. A Nauru ma, da aka fara jigila a 1907, sisin kwabo ake ba masu ƙasa a kan kowane tan. Rashin sani, in ji Hausawa, kaza ta kwana kan dami.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila da Ostiraliya da Niyu Zilan suka karɓi aikin bisa yarjejeniyar 1919. Suka riƙa sayar wa manomansu takin a kan kuɗin haƙa da jigila kawai, ba farashin kasuwar duniya ba. Gonakinsu suka yi albarka, tsibiran kuma suka riƙa ƙarewa. A 1945 aka kwashe mutanen Banaba zuwa tsibirin Rabi na Fiji.

Nauru ta sami mulkin kai ranar 31 ga Janairu 1968, ta karɓi ragamar ma'adininta a 1970. Na ɗan lokaci mutanenta suna cikin mafi samun kuɗi a duniya. Amma asusun da aka tanada domin gaba ya salwance ta hanyar zuba jari ba bisa lissafi ba. A 1989 ta kai ƙarar Ostiraliya Kotun Duniya, aka sasanta a 1993 a kan dalar Ostiraliya miliyan 107. Kuɗin nan bai maido da ƙasar noma ba, domin kusan kashi 80 cikin 100 na tsibirin ya riga ya zama kufai mai tsinin duwatsu.

Akwai fosfat a ƙasar Sakkwato da ta Tawa. Jami'in da za a kawo wa takardar haƙar ma'adini ya kamata ya fara tambaya: wa ya auna dutsen, wa kuma ya yanke masa farashi? Tarihin Banaba ya nuna abin da ke faruwa idan mai saye ne ya yi duka biyun.