Mukyokai: zumuntar Kiristoci marasa coci a Japan, 1878-1961

Duk wanda ya taɓa fassara rubutun addinin Kirista daga Faransanci zuwa Hausa ya san wahalar da kalmar «Église» take ba mai fassara. Kalma ɗaya ce, amma tana nufin ginin, tana nufin hukumar da ke riƙe da shi, tana kuma nufin jama'ar masu bi. Hausa ta rarraba aikin. «Coci», aro daga Ingilishi, ta fi karkata ga gini da tsarinsa. «Majami'a» sunan wurin taruwa ne. «Ikilisiya», daga Girkanci, ita ce jama'ar kanta. Sai kuma «zumunta», daga «zumu», wadda Kiristoci masu jin Hausa suka ɗauka domin dangantakar da ke tsakanin masu bi, kamar yadda ake gani a sunan Zumuntar Mata. Abin da muke so mu duba cikin wannan ɗan rubutu shi ne ko zumunta tana iya rayuwa in babu coci, kuma in ta rayu, me yake riƙe ta. Tarihin Japan ya ba mu misalin mutanen da suka gwada haka da gangan, ƙarƙashin sunan mukyokai. Mun rubuta sunayen Japanawa yadda su suke yi, sunan dangi a gaba, kuma mun sa «c» na Hausa inda Turawa suke sa «ch».

1. Daga ɗakin kwanan ɗalibai

A shekara ta 1873 ne gwamnatin Japan ta cire allunan da suke haramta addinin Kirista, bayan hani na fiye da shekara 250. Shekara uku bayan haka aka buɗe makarantar koyon aikin gona a Saporo, can arewacin ƙasar, aka ɗauko wani Ba'amurke mai suna William Clark ya kafa tsarinta. Wata takwas kawai ya yi, amma kafin ya tafi ɗaliban aji na farko sun sa hannu a kan wata takardar alkawarin bin Yesu. Da aji na biyu ya iso a 1877, sai manyan suka matsa wa ƙannensu su ma su sa hannu. Cikin waɗanda suka sa ba da son ransu ba akwai Ucimura Kanzo, ɗan gidan samurai, wanda aka haifa a 1861. Aka yi masa baftisma a watan Yuni na 1878, tare da abokinsa Nitobe Inazo da wasu ƴan ajinsu.

Yaran nan ba su da fasto, ba su da majami'a. Ran Lahadi sukan taru a ɗakin kwanan ɗayansu, gangar gari ce mumbarinsu, shugabancin taro kuma bi da bi ake yinsa. A littafin da Ucimura ya rubuta da Ingilishi a 1895 game da tubansa, ya daɗe a kan wannan ɗan taro, kuma a ganinmu shi ne ma'aunin da ya riƙa auna kowace coci da shi har ƙarshen ransa. Da suka gama karatu a 1881 suka so su haɗu wuri guda, tun da wasu ƴan Metodis ne suka yi musu baftisma, wasu kuma ƴan Angilikan. Mishan ɗin Metodis ya ranta musu dala 400 domin su sami wurin sujada. Da ya ga ba za su shiga ɗariƙarsa ba, sai ya nemi kuɗinsa. Suka yi karo-karo suka biya bashin a ƙarshen 1882. Tun daga nan Ucimura bai sake yarda da kuɗin mishan ba, zaman da ya yi a Amurka daga 1884 zuwa 1888 kuwa ƙara masa ƙyamar rarrabuwar ɗariƙu ya yi.

2. Ma'anar «mu»

Ran 9 ga Janairu 1891, a makarantar da yake koyarwa a Tokiyo, aka umurci malamai da ɗalibai su sunkuya gaban takardar umurnin Sarkin Japan game da tarbiyya, wadda ke ɗauke da sa hannun sarkin. Ucimura bai sunkuya yadda ake so ba. Jaridu suka kira shi maci amanar ƙasa, ya rasa aikinsa, matarsa ta rasu a watan Afrilu na wannan shekara. Ƙasa ta ƙi shi domin shi Kirista ne, cocin kuma ba su amince da shi ba domin ba ya bin tsarin ƴan mishan. A littafin ta'aziyya ga mai bi da ya fitar a 1893 akwai babi guda a kan halin wanda coci ta yar, kuma a nan ne kalmar mukyokai ta fara fitowa a rubutunsa.

Kalmar ta cancanci mu tsaya a kanta. Kyokai ita ce coci a Japananci, haɗin kyo, koyarwa, da kai, taro. Mu kuwa ɗafa-goshi ne na rashi. Ana iya fahimtarsa ta hanya biyu, kuma Hausa ta fi Faransanci saurin bayyana bambancin: ko dai «marasa coci», ko «masu ƙin coci». A mujallar da ya kafa a watan Maris 1901, wadda ita ma ya sa wa suna Mukyokai, Ucimura ya zaɓi ma'ana ta farko ƙarara. Ya ce kada a ɗauki wannan mu a matsayin rushewa ko raini. Irin rashin da ke ga maras kuɗi ne, ko maraya, ko wanda ba shi da gida. Abin da yake so ya buɗe masauki ne ga waɗanda ba su sami wurin zama a coci ba. Za mu ga a gaba cewa ma'ana ta biyu ba ta mutu ba, ta dawo ta bakin almajirinsa.

3. Abin da ya riƙe zumuntar

Da aka ajiye fasto da rajistar membobi, aka kuma daina ɗaukar baftisma da jibin Ubangiji a matsayin sharaɗi, dole wani abu ya haɗa mutanen. Takarda ce ta fara haɗa su. Daga 1900 Ucimura ya riƙa fitar da mujallar wata-wata mai suna Seisho no Kenkyu, wato nazarin Littafi Mai Tsarki, wadda ta kai fitowa 357. Gidan waya yana kai ta ƙauyukan da ko mai bi na biyu babu. Ƙaramar mujallar ta 1901 kuwa wasiƙun masu karatu ta fi bugawa, domin malamin makaranta a wannan lardi ya san akwai manomi mai irin damuwarsa a wancan. Ucimura da kansa ya kira ta coci a kan takarda. Daga 1905 ya ƙarfafa masu karatun da ke kusa da juna su kafa ƙananan ƙungiyoyi da ake kira kyoyukai, taron abokan bangaskiya, su riƙa haɗuwa a gidajensu.

Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma takarda kaɗai ba ta isa ba ko a Japan. Misalin Saito Sojiro ya nuna haka. Malamin firamare ne a garin Hanamaki, a arewa, wanda rubutun Ucimura ya jawo shi ga bangaskiya, mutanen garin suka juya masa baya. A 1903, lokacin da ake shirin yaƙi da Rasha, Ucimura ya bar aikinsa a jaridar Yorozu Coho domin ya ƙi goyon bayan yaƙin. Saito ya ɗauki maganar malaminsa har ƙarshenta, ya ƙudura ba zai yi aikin soja ba, ba zai biya harajin da za a yi yaƙi da shi ba. Da labari ya kai Tokiyo a watan Disamba, Ucimura ya hau jirgin ƙasa cikin tsananin sanyi ya tafi har Hanamaki domin ya shawo kansa kada ya jefa kansa da iyalinsa cikin halaka. Saito ya janye. Duk da haka ya rasa aikin koyarwa, ya koma rarraba jaridu gida-gida shekara da shekaru. Daga baya ya ƙaura Tokiyo, yana cikin waɗanda suka yi jiyyar Ucimura a ciwon ajalinsa. Babu wata hukuma da ta ɗora wa ɗayansu wannan nauyi.

Abu na biyu shi ne malami. Taron Lahadi a gidan Ucimura, da farko a ɗakinsa, daga baya a wani ɗan zaure mai suna Imai-kan a unguwar Kashiwagi, darasi ne a kan nassi, aya bayan aya, tare da addu'a da waƙa. Wanda ya san makarantar zaure ba zai ga baƙon abu ba a nan: malami guda, littafi guda, almajirai da ke jingina da sunan malaminsu. To amma ƙofar ba a buɗe take ga kowa ba. Akwai lokacin da sai wanda ya yi shekara guda yana karanta mujallar ake bari ya shiga, kuma ta wannan ƙofa Yanaihara Tadao ya shiga a 1911. Da taron ya girma aka koma babban zaure a tsakiyar Tokiyo, inda Ucimura ya yi lacca 60 a kan wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa tsakanin 1921 da 1922, gaban ɗaruruwan mutane, kowa kuma da kuɗin shigarsa.

A nan ne muke ganin ya kamata a rage yabon da wasu masana suka yi wa mukyokai, cewa ita ce ikilisiyar Sabon Alkawari ta dawo ba tare da hukuma ba. Masanin tauhidi Emil Brunner, wanda ya koyar a Japan daga 1953 zuwa 1955, yana cikin waɗanda abin ya burge. Amma iko bai ɓace ba, wuri ya sake. Fasto yana da majalisar dattawa da za ta iya taka masa birki. Malamin mukyokai ba shi da kowa a bisansa, shi ke karɓa, shi ke kora. Ucimura ya ɓata da almajiransa da dama. Ɓatawa mafi muhimmanci ita ce ta 1929 da Tsukamoto Toraji, mataimakinsa, wanda ya mai da rashin coci aƙidar yaƙi da coci. Wato ya karanta mu da ma'ana ta biyu. Ucimura, wanda ya yi wa'azi tare da fastoci a 1918, bai yarda ba, suka rabu. Har ila yau, zumuntar da sharaɗinta karatun mujalla ne, wani lokaci har da koyon Girkanci, ta fi dacewa da ƴan boko. Ɗaliban manyan makarantun Tokiyo, waɗanda Nitobe ya riƙa turo masa daga 1909, su ne suka zama ƙashin bayanta.

4. Gwajin shekarun yaƙi

Ucimura ya rasu ran 28 ga Maris 1930. Bisa wasiyyarsa aka rufe mujallar, aka watsa taron. Bai naɗa magaji ba. Almajiran da suka ga za su iya sai kowa ya buɗe nasa zaure da tasa mujalla.

Wannan warwatsuwa ta yi amfani ta inda ba a zata ba. Dokar ƙungiyoyin addini ta 1939 ta ba gwamnati hannu a kan duk cocin da ke da rajista, kuma a watan Yuni 1941 aka haɗe ɗariƙun Furotesta fiye da talatin cikin hukuma guda, wadda shugabanta ya kai ziyara wurin bautar Ise a 1942. Sai a 1967 wannan hukuma ta fito ta amsa laifin goyon bayan yaƙin. Mukyokai kuwa ba ta da gini ko majalisa da za a haɗe. Yanaihara, wanda ya zama farfesan siyasar mulkin mallaka a Jami'ar Tokiyo, ya soki yaƙin da ake yi da Sin a 1937, aka tilasta masa barin kujerarsa a watan Disamba. Ya ci gaba da fitar da mujallarsa, Kashin, yana kuma tara ƴan almajirai a gidansa ran Asabar suna karanta Agustin da Dante. Kada dai mai karatu ya ɗauka duk haka suka yi: wasu malaman mukyokai sun yi shiru, wasu ma sun bi iskar lokacin. Rashin hukuma ya bar kowane malami da lamirinsa ne kawai.

A Koriya, wadda Japan ta mallaka daga 1910 zuwa 1945, abin ya fi tsanani. Wasu ɗalibai shida da suka zauna a darasin Ucimura, cikinsu har Kim Kyo-shin da Ham Sok-hon, sun kafa mujallar Songso Coson a 1927. A 1942 Kim ya rubuta ƴar gajeriyar maƙala a kan kwaɗin da sanyin hunturu ya kashe, da ƴan kaɗan da suka tsira a ƙarƙashin ruwa. Ƴan sanda suka gane da wa ake. Aka rufe mujallar, Kim da Ham suka yi shekara guda a kurkuku, aka kuma bi masu karatu da tambayoyi. Coci a kan takarda ma tana da rajistarta, ita ce jerin sunayen waɗanda ake aika wa mujalla.

Bayan 1945 sunan mukyokai ya ɗaukaka. Almajiran Ucimura biyu suka shugabanci Jami'ar Tokiyo a jere, Nanbara Shigeru daga 1945 zuwa 1951, sannan Yanaihara daga 1951 zuwa 1957. Yawan mabiyan kuwa sai dai ƙiyasi, tun da ba a rubuta kowa. Masanin zamantakewa Carlo Caldarola, a littafinsa na 1979, ya sa su wajen dubu 35, a ƙasar da dukan Kiristocinta ba su wuce kamar kashi ɗaya cikin ɗari ba. Matsalar da ta rage ita ce ta gado. Ana haihuwar yaro cikin coci, amma ba a haihuwarsa cikin almajircin malamin ubansa. Sai ya girma ya nemi nasa malami, ko ya bari. Da Yanaihara ya rasu ran 25 ga Disamba 1961, aka bi sawun 1930: Kashin ta daina fitowa, taronsa na Lahadi ya watse, almajiransa suka buɗe nasu.