Amsoshin Tambayoyinku: Tarihin Neman Kuɗi A YouTube

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a karkarar Bichi. Ya ce ɗansa ya matsa masa lamba a sayar da sa ɗaya daga cikin shanun huɗa a saya masa babbar waya, wai zai riƙa ɗora bidiyo a intanet ana biyansa da dala. Yana so a ba shi tarihin wannan sana'a, kuma da gaske ne ana samu?

To Malam, ana samu, amma bari ka ji yadda abin ya faro.

Wasu samari uku ne suka kafa YouTube a Amurka cikin 2005. A 2006 kamfanin Google ya saye shi a kan dala miliyan 1,650. A 2007 aka fara raba kuɗin talla da masu ɗora bidiyo: kashi 55 cikin 100 nasu, 45 na kamfani. Wato 'yan kasuwa masu talla su ne ke biya, kamar dai yadda suke biyan gidan rediyo.

Sai dai fa gonar ta aro ce, mai ita ke yanka sharaɗi. A 2017 manyan kamfanoni suka janye tallarsu saboda an liƙa ta a jikin bidiyoyin masu tsattsauran ra'ayi, kuɗin mutane da yawa da ba su ji ba, ba su gani ba, ya faɗi warwas. A 2018 aka ƙara tsauri: ba za a raba kuɗin talla da kai ba sai kana da mabiya 1,000, kuma an kalle ka na awa 4,000 cikin wata 12. Ka lissafa, in bidiyonka na minti 10 ne, sai an kalla sau 24,000 daga farko har ƙarshe. Bayan nan ma ba a turo maka komai sai abin da ka tara ya kai dala 100.

Wata gonar ma tashi take yi ɗungurungum. Akwai wani dandali mai suna Vine na bidiyon daƙiƙa shida, wanda ya yi tashe sosai, amma a Janairun 2017 kamfanin Twitter ya rufe shi. A nan Nijeriya kuwa, gwamnati ta dakatar da Twitter ɗin kansa daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu tallar hajarsu a ciki suka ji jiki.

Ga wani abu kuma. Farashin talla ya danganta da ƙasar mai kallo. Wanda 'yan Amurka ko Ingila ke kallo yakan samu ninkin-ba-ninkin abin da mai masu kallo a Kano ko Maraɗi zai samu, alhali shi na nan yana sayen data, yana biyan kuɗin caji. Shi ya sa da yawa daga waɗanda suka tsaya da ƙafarsu suke haɗawa da tallar 'yan kasuwa kai tsaye, ko sayar da tasu hajar.

Saboda haka Malam, shawararmu ita ce kada ka taɓa san nan. Yaro ya fara da wayar da ke hannunsa, ya nuna abin da ya sani, ko farashin hatsi a kasuwar Dawanau, ko yadda ake adana wake. Ya yi da yamma in an taso daga gona. In shekara ta zagayo ya kai mabiya 1,000, sai ku sake zama. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.